Ku je makaranta ranar da ba a gayyace ku ba

Yawancinmu iyaye sau biyu ko uku muke taka ƙafa a makarantar firamaren 'ya'yanmu a shekara: ranar da aka kai yaro a rubuta sunansa, ranar taron iyaye da malamai, sai ranar raba kyaututtuka ko yaye ɗalibai. A duk waɗannan ranaku makaranta ta san da zuwanmu. An share fili tas, an jera kujeru, an zaɓo yara huɗu ko biyar masu kaifin baki an sa su haddar jawabi tun makonni uku da suka wuce. Su fito su zuba shi kamar ruwa, mu tafa, mu ɗauki hoto, mu koma gida muna cewa lallai makarantar nan tana ƙoƙari. Ni ma haka na yi har shekara uku.

Abin da ya farkar da ni ƙarami ne. 'Yata tana aji uku, littattafan rubutunta cike suke fal, rubutun a tsare, jan biron malama ya bi kowane shafi da alamar daidai. Katin sakamakonta bai taɓa ba ni kunya ba. Wata rana da yamma na miƙa mata wani ɗan littafin labari da ba ta taɓa gani ba, na ce ta karanta mini shafin farko. Ta kalli hoton, ta kalli fuskata, ta soma ƙirƙiro labari daga hoton. Da na rufe hoton da tafin hannu na ɗora yatsa a kan kalmar farko, sai ta yi tsit. Haruffa ta san su. Haɗa su su zama kalma, kalma ta zama magana, nan gizo ke saƙa. Ashe shekara uku tana kwafe abin da ke kan allo ne da kyakkyawan rubutu, kamar mai zanen fulawa a jikin matashi.

Ranar Talatar da ta biyo na tafi makarantar ban sanar da kowa ba. Na nemi izinin shugaban makaranta, ya yi ɗan jim, sannan ya ce bismilla. Na zauna a bencin ƙarshe, gwiwoyina na dukan na gaba. Daga can baya aji wani abu ne daban da wanda ake gani daga ƙofa. Malama tana koyarwa da iyakar ƙarfinta, ba ta zauna ba ko sau ɗaya. Ta yi tambaya, hannaye shida sun tashi daga benci biyu na gaba, kullum su ne. Ta karanta jimla, aji ya maimaita da murya ɗaya har rufi na amsawa. Ta ce, "Kun gane?" Aka ce, "Eee!" Yaron da ke kusa da ni ya fi kowa ɗaga murya wajen amsawar, alhali littafinsa a buɗe yake a wani shafi daban. Ba wasa yake yi ba. Ya koyi abin da ajin ya koya masa: in aka ce kun gane, a ce e.

Da aka kaɗa ƙararrawa na gaida malamar, na faɗa mata abin da ya kawo ni, ina ta zaɓen kalmomi don kada ta ɗauka ƙara na kawo. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Baba, na san su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ba su iya karatun ba. Ko da ido rufe zan lissafo maka su. Amma in na tsaya musu, wa zai ƙarasa manhajar? Mai duba makarantu in ya zo littafin tsara darasi yake buɗewa ya ga ko na kai inda ya kamata a ce na kai a wannan makon." Ban sami abin ce mata ba, don gaskiya ta faɗa.

Wannan ba matsalar aji ɗaya ko ƙasa ɗaya ba ce. A 1990 ƙasashen duniya suka taru a Jomtien ta Tailan suka ɗauki alkawarin ilimi ga kowa, suka sabunta shi a Dakar a 2000, sannan a 2015 aka sa shi cikin muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya, a matsayin muradi na huɗu. Ta fuskar shigar da yara makaranta an yi rawar gani, ba mai musun wannan; miliyoyin yaran da iyayensu ba su taɓa zama a aji ba sun zauna. Sai dai an daɗe ana ƙirga kawuna kafin a tuna a tambayi abin da ya shiga cikinsu. A 2019 Bankin Duniya ya fitar da lissafin da ya girgiza mutane: a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kashi 53 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Bayan rufe makarantu na lokacin korona, ƙiyasin 2022 ya kai kashi 70, a Afirka kudu da Sahara kuwa ya kusa 90. Da yawa daga cikin waɗannan yaran ba a titi suke ba. Suna aji, sanye da kayan makaranta, ana kiran sunansu a rajista kowace safiya suna cewa ga su.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda mutanen Indiya suka bankaɗo tasu matsalar. Wata ƙungiya mai suna Pratham ta soma wani binciken shekara-shekara a 2005, ana ce masa ASER. Ba jarrabawar aji ba ce. 'Yan sa-kai ne ke bin ƙauyuka gida-gida da takarda ɗaya: a gefe haruffa, sai kalmomi, sai ɗan sakin layi, sai gajeren labari daidai na ɗan aji biyu. A zaunar da yaro a gaban iyayensa a ce karanta. Shekara bayan shekara sakamakon ya riƙa nuna cewa wajen rabin 'yan aji biyar na karkara ba sa iya karanta labarin 'yan aji biyu. Hikimar abin ita ce sauƙinsa. Uwar da ba ta yi makaranta ba tana iya gani da idonta a wane layi ɗanta ya tsaya. Ba ta bukatar kowa ya fassara mata maki.

Pratham ta kuma gina wata hanyar koyarwa wadda in aka faɗe ta sai mutum ya ce ai kowa ya san wannan. A auna kowane yaro, a raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ko lambar aji ba. Wanda bai san haruffa ba ya zauna da irinsa, wanda ya kai kalma ya zauna da irinsa, a ba su sa'a ɗaya ko biyu kullum, da zarar yaro ya ƙware a matsar da shi gaba. Masana tattalin arziki irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka ci kyautar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer, sun shafe shekaru suna gwada wannan hanya a jihohin Indiya, suka ga tana aiki. Zambiya ta ɗauke ta ta shigar cikin makarantun gwamnati. Wani abu da gwaje-gwajen suka nuna shi ne ainihin maganar malamar 'yata: inda aka horar da malamai kawai aka sake su cikin aji tare da tsohuwar manhaja a wuyansu, abin bai tsinana komai sosai ba, inda aka ware lokaci na musamman aka kuma sa masu duba aiki su riƙa bibiya, nan aka ga canji. Malami yana bin abin da za a tambaye shi. In tsarin darasi ake tambayarsa, tsarin darasi zai kawo.

A Barazil akwai wani gari, Sobral, a jihar Ceará ta arewa maso gabas, yankin da ba na masu hali ba ne. A farkon shekarun 2000 hukumar garin ta auna ƙananan 'yan firamare ta ga kusan rabinsu ba sa karatu. Sai ta ɗauki manufa ɗaya ta riƙe: kowane yaro ya iya karatu tun a azuzuwan farko. Aka daina naɗa shugabannin makarantu ta hanyar sanayya da siyasa, aka koma tantancewa. Ana auna yara a kai a kai. Yaron da bai zo ba ana bin sawunsa har gida a ranar. Zuwa 2015 Sobral na sahun gaba a duk ƙasar a ma'aunin ingancin firamare. Babu wata na'urar sihiri a labarin. Ranakun Talata ne aka gyara, ɗaya bayan ɗaya, na tsawon shekara goma sha biyar.

Akwai batun harshe, wanda na ga ya kamata in taɓa ko a taƙaice. Yaron da ake koya wa karatu da harshen da ba ya ji, aiki biyu aka ɗora masa lokaci guda: ya gane yadda alama ke zama sauti, ya kuma yi hasashen abin da sautin ke nufi. Tun 1953 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce a fara da harshen uwa. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada wannan a Ife daga 1970, aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, Ingilishi na matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza ba ko a Ingilishin. Amma mu iyaye mu ne kan gaba wajen matsa wa makaranta lamba ta sa ɗan shekara biyar ya riƙa rero jimlolin baƙon harshe, don mu ji daɗi a kunne. Rerawa daban, ganewa daban. Wannan laifin ba na malamai ba ne.

To, duk wannan rabin abin da na gani ne ranar nan. Sauran rabin a fili na gan shi, lokacin tara.

Na tsaya a inuwa ina kallo. Cikin minti ashirin ɗin nan an yi shari'a ta fi uku ba tare da alƙali ba. Wasu yara sun yi gardama kan ko ƙwallo ta fita ko ba ta fita ba, suka yi ta ja-in-ja har wani ɗan ƙarami da ba ya cikin wasan ya ba da shaida, aka karɓa. Wata yarinya ta faɗi ta kurje gwiwa, biyu suka kama ta zuwa wajen malama, ta uku na biye da takalminta a hannu. A bayan aji kuma wasu manya uku sun tsare wani yaro suna karɓe masa fensir, ba wanda ya gani sai ni. Can gefe guda wata yarinya tana zaune ita kaɗai tun da aka fito har aka koma, tana zane a ƙasa da tsinke. Ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya kira ta.

Makarantar firamare ita ce wuri na farko da yaro ke zama cikin mutanen da ba danginsa ba, waɗanda ba dole ne su so shi ba, kuma dole ya zauna da su. A gida shi ɗan wane ne. A aji shi ɗaya ne cikin sittin. A nan yake fara sanin layi, da jiran a zo kansa, da aron abu ya mayar, da cewa wanda ya fi shi ƙarfi ba lallai ya fi shi gaskiya ba. Ko kuma ya koyi akasin haka. In monita na rubuta sunan masu surutu amma yana tsallake abokansa, aji duka ya ga yadda ake riƙe muƙami. In ɗan mai hali ya makara aka ce wuce, ɗan talaka ya makara aka ce durƙusa, an koyar da darasin da ba ya cikin manhaja, kuma ya fi na cikin manhajar zama a kai. Muna yawan kukan yadda manya ke tafiyar da al'amuran jama'a, muna mantawa cewa kowannensu ya taɓa zama ɗan aji biyu yana kallon yadda ake rabon alli da benci.

Wasu ƙasashe sun ɗauki wannan ɓangare da gaske har sun ba shi gurbi a jadawali. A Japan yara ne ke share azuzuwansu da barandu kusan kullum, tare da malamansu, rukuni-rukuni, ana juya aikin. Ba horo ba ne, kuma ba a keɓe shi ga wanda ya yi laifi. Suna da zaman aji inda yara ke tattauna matsalolinsu su yanke shawara. Masar ta ga abin ya burge ta har ta buɗe makarantu a kan wannan tsari daga 2018. A Kolombiya, tsarin Escuela Nueva da Vicky Colbert da abokan aikinta suka fara a tsakiyar shekarun 1970 don ƙananan makarantun karkara, inda malami ɗaya ke riƙe da azuzuwa da yawa a ɗaki guda, ya sa yara suna zaɓen shugabanninsu, suna da kwamitin laburare da na tsafta da na lambu, manya na taimakon ƙanana. A Finlan al'adar makarantu ce a ba yara kamar minti goma sha biyar a waje bayan kowane darasi na minti arba'in da biyar. Ba ina cewa a kwaso ɗaya daga waɗannan a dasa ko'ina ba. Shara dai yara na yin ta a makarantu da yawa a duniya. Bambancin yana ga ma'anar da aka ba ta. Tsintsiyar da malami ya riƙe tare da kai ba ɗaya take da wadda aka miƙa maka don ka makara ba.

Na san abin da za a ce, don wani abokina malami ya riga ya faɗa mini a fuska. Ya ce in kowane uba zai faɗo aji ranar da ya ga dama, ba za a yi karatu ba. Kuma iyayen da ke zuwa ba a gayyace su ba yawanci faɗa ke kawo su, don an taɓa ɗansu. Ya ƙara da cewa malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ga aji cike maƙil, ba ya bukatar ƙarin sifeto. Duk na yarda. Malamin firamare shi ne ya fi kowa aiki a harkar ilimi, shi ne kuma ya fi kowa rashin daraja a cikinta. Mun ɗauka koyar da ɗan shekara shida abu ne da kowa zai iya, alhali ya fi koyar da ɗan jami'a wuya nesa ba kusa ba. Zuwan da nake nufi ba na kama ɓarawo ba ne. A nemi izini, a zauna a baya, a yi shiru, a gode wa malami kafin a tafi. Iyaye biyu a mako, bisa tsarin da aka yi da shugaban makaranta, ba za su hana karatu ba.

Sai dai ba zan ɓoye cewa ido na da amfaninsa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2006 ya aika mutane makarantun firamare ba sanarwa a ƙasashe shida: Bangaladash, Ekwado, Indiya, Indunusiya, Peru da Yuganda. A matsakaici, kusan malami ɗaya cikin biyar ba ya nan a lokacin da ya kamata a same shi. A Indiya ɗaya cikin huɗu. Da an sanar da zuwan, da an tarar da kowa a bakin aiki. Makarantar da ta san ba mai leƙo ta sai ranar biki, a hankali takan koma makarantar biki.

Kuma kafa kwamiti kaɗai ba ya wadatarwa. A gundumar Jaunpur ta jihar Uttar Pradesh a Indiya an gwada wayar da kan mutanen ƙauyuka game da kwamitocin ilimi da doka ta ba su, aka yi taruka, aka nuna musu matakin karatun 'ya'yansu. Kwamitocin ba su motsa ba, malamai ba su canza ba. Abin da ya yi tasiri shi ne inda aka koya wa matasan ƙauye 'yan sa-kai yadda ake koyar da karatu, suka riƙa tara yara bayan an tashi. Yaran da suka halarta sun ci gaba a zahiri. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mutane ba su cika motsawa don an ba su muƙami a takarda ba. Sukan motsa in an ba su wani aiki takamaimai da hannunsu zai iya, suka kuma ga amfaninsa cikin makonni.

Uban da bai yi karatu ba fa? Yana iya cewa ɗansa ya karanta masa wani abu da ba daga littafin aji ba, ya saurara ko muryar na tafiya ko tana tuntuɓe. Yana iya tambayarsa da wa ya yi wasa yau, wa aka daka, me ya sa. Uwa na iya lura ko 'yarta na ɗokin tafiya da safe ko kullum sai ciwon ciki ya taso daidai lokacin fita. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar takardar shaida. Tambayar da muka saba yi, "Na nawa ka zo?", ita ce mafi ƙarancin amfani a cikinsu, don na bakwai a ajin da ba a iya karatu ba shi ma bai iya ba. Na san haka don 'yata ta bakwai ta zo.

Abin da muka yi daga baya ba wani babba ba ne. Mu iyaye biyar muka zauna da malamar da shugaban makaranta. Ta rubuto sunayen yara goma sha tara da ke bukatar komawa kan haruffa da gaɓoɓi. Aka amince a ware rabin sa'a bayan kiran suna, kwana huɗu a mako. Ita ta riƙe waɗannan, wata uwa da ta taɓa koyarwa da wani matashi da ya gama sakandare yana jiran sakamako suka riƙe sauran da karatun labari. Ba kullum abin ya tafi daidai ba. Matashin ya sami gurbin karatu ya tafi a tsakiyar zango, muka yi mako uku ba mataimaki. Biyu daga iyayen suka daina zuwa. Yara huɗu cikin sha taran har ƙarshen shekara ba su wuce kalmomi ba, ɗaya kuma aka gano ashe allon ne ba ya gani sosai, shekara uku yana zaune a baya ba wanda ya lura.

Yarinyar nan mai zane da tsinke na ambata wa malama ita. Ta ce sabuwar zuwa ce, harshen da ake yi a gidansu daban ne, shi ya sa take jin nauyin magana. Ta ba ta aikin raba littattafai da safe, ita da wata mai surutun tsiya. Da na koma wata Talatar, bayan kamar wata biyu, na tarar da su biyun suna jayayya a kan wa zai ɗauki tulin da ya fi yawa. 'Yata kuwa tana benci na huɗu, yatsanta a kan layi, bakinta na motsi a hankali, ba ta ma san na shigo ba.